A Miƙa wa Ɗan Koyo Almakashi

A shagunan ɗinki da yawa na Paraku da Jugu, yaro kan shekara biyu, wani ma uku, yana taka keke, yana guga, yana ɗinka maɓalli, ana aikensa kasuwa sayen zare, amma bai taɓa riƙe almakashi ya yanka tufa tun daga farko ba. Maigida ne ke awo, shi ke zana alli, shi ke yanka, wani lokaci ma sai ya bari yara sun fita cin abinci. Ranar da aka yaye yaron, wato bikin da ake kira liberasiyo, za a ba shi takarda, a ci a sha, a ɗauki hoto, sannan ya je ya buɗe shago yana tsoron yadin mutane. A ganina wannan al'ada tana cutar da sana'ar da ta daɗe tana ciyar da gidaje masu yawa a zangunanmu, kuma maganinta yana nan zube a ƙarƙashin teburin kowane tela, cikin tarin ƙyallayen da ake sharewa a ƙona.

Kafin a zo ga ƙyalle, yana da kyau a tuna abin da ya kawo kakanninmu ƙasar Bargu. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, ta Nikki da Paraku da Jugu suke ratsawa kafin su dangana da Salaga. A cikin kayan da jakunansu ke ɗauke da su akwai kanwa da fatu, amma tufa na daga cikin mafi daraja: baƙaƙen riguna masu sheƙi, da turkuɗi, da rawuna. Baturen nan Clapperton, da ya ratsa Bargu a 1826, ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama suna dawowa daga Gwanja. Dukan tufafin nan kuwa haɗi ne. Masaƙin gargajiya ba ya saƙa yadi mai faɗi, ƙwarya yake saƙawa, siririya, mai faɗin 'yan yatsu kaɗan, ta turkuɗin Kura ma ba ta kai haka ba. Maɗinki ne zai yanka ƙwaryoyin nan tsawo ɗaya, ya jera su, ya haɗa gefe da gefe har su zama babbar riga ko gwado ko luru. Idan ƙwarya ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo, ko ɗinkin wata ya fi na wata ci, rigar za ta karkace a kafaɗar mai ita, ratsin saƙi ya ƙi haɗuwa, kowa ya gani tun daga nesa. Har ma naɗin farin sawaye Bahaushe kan kira shi zugu, kalmar da ta yi kama da tsohon sunan garin Jugu, ko da yake sunan garin ba daga nan ya samo asali ba.

Akwai kuma lifidi. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Hausawa. Lifidi tufa ce biyu da aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, aka bi da ɗinki layi-layi domin cushen ya zauna wuri ɗaya, a sa wa doki, mahayi ma ya sa nasa. Galibi fuskarsa ta waje haɗin ƙyallaye ce masu launi daban-daban, ja da fari da baƙi da rawaya, masu kusurwa uku ko huɗu. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifida. A zamanin da ake yaƙi da shi, gurbin da maɗinki ya bari ba cushe, ta nan kibiya mai dafi ke shiga. Ke nan abin da Turawa ke tinƙaho da shi na bargon haɗin ƙyalle mai cushe a ciki, mu mun san shi tun ƙarnoni, sai dai mun ajiye shi ga doki da fada, ba mu kai shi ɗakin kwana ba.

Magabata da jikinsu suke awo: taƙi, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya, kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, gaba, idan an buɗe hannuwa biyu. Wannan awo yana aiki muddin mutum ɗaya ne ya auna, ya yanka, ya ɗinka. Da zarar hannu biyu sun shiga aiki ɗaya, kamun dogo da na gajere sun sha bamban. Mu kuma a nan Binin mun gaji wani rikicin da ɗan'uwanmu na Kano bai cika saninsa ba. A makaranta mita da santimita aka koya mana. Atamfa kuwa da yadi ake sayar da ita, a kasuwar Arzeke da ko'ina: zane ɗaya yadi 2, turmi yadi 6. Telan da ya koyi aiki a Nijeriya da inci yake magana, wanda ya koya a Kwatano da santimita. Tef ɗin awo kansa fuska biyu gare shi, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, inci ɗaya kuma santimita 2 da rabi da 'yar ɗoriya. Wanda ya lissafa aikinsa a kan mita 6 aka kawo masa yadi 6, ya yi asarar fiye da rabin mita tun kafin ya taɓa almakashi, kuma ba wanda ya cuce shi. Yaron da ba a zaunar da shi an warware masa wannan ba, zai ci gaba da rubuta lambobi a littafin awo ba tare da ya san da wace fuska ta tef aka ɗauke su ba.

Na san hujjar iyayen gida, kuma ba ta wofi ba ce. Suna cewa yadin na mutane ne. Shaddar da mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya saya domin sallah ko domin Gani, ba za a miƙa wa yaro ya gwada hannu a kanta ba, domin abin da almakashi ya raba, allura ba ta mayar da shi yadda yake. Wannan gaskiya ce. Akwai hujja ta biyu da ba a cika faɗa a fili ba: idan yaro ya iya yanka da wuri, zai gudu kafin wa'adi, ya kafa keke a bakin titi ɗaya da maigidansa. Wannan tsoro ma ana iya fahimtarsa, amma yarjejeniya tsakanin uban yaro da maigida ce maganinsa. Ɓoye ilimi ba ya hana gudu, iyakarsa dai wanda ya gudu ya tafi da rabin sani, ya ɓata kayan jama'a, a ce yaron wane ne.

Hujja ta farko ita ce bargon ƙyalle ke warwarewa. A ɗauki bargo mai faɗin santimita 150 da tsawon 200, wanda za a haɗa da murabba'ai masu santimita 10 kowane gefe. Ana bukatar guda 300, layi 20 kowane da guda 15. Kowane guda sai an yanka shi santimita 12, domin ɗinki zai ci santimita ɗaya a kowane gefe. A tsawon bargon akwai gaɓa 19. Idan ɗan koyo ya bar ɗinkinsa ya zarce da milimita 2 kacal, kowace gaɓa ta ci milimita 4 ke nan tunda tufa biyu ta kama, jimla milimita 76, kusan santimita 8. Idan ya ɗinka wannan jeri daidai, ya sake hannu a na kusa da shi, kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargon ya tattare kamar fatar da aka shanya ba a ja ba. Babbar riga tana da yalwa, tana iya ɓoye kuskuren yatsa guda, aikin aska takwas ya rufe sauran. Bargon murabba'ai kuwa duk inda hannu ya kauce sai ya nuna, yaro ya gani da idonsa ba sai an yi masa tsawa ba, kuma abin da ya ɓata shara ce da ma za a zubar.

A cikin wannan aiki guda zai koyi abubuwan da wasu teloli sai sun yi furfura suke ganewa. Zai gane cewa tufa tana da zaren tsaye da na kwance, kuma abin da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke. Zai gane cewa sabuwar atamfa mai sitaci da tsohon ƙyallen da ya sha wanki ba sa tsukewa daidai, don haka a wanke duka a goge kafin a auna. Zai ga cewa ma'aunin kwali bakinsa na cinyewa bayan an zagaya shi da alli sau ɗari, gara a yanko na gwangwani ko na roba mai tauri. Cewa kaurin layin alli kansa awo ne, dole a tsai da shawara ko ta cikinsa za a yanka ko ta waje, a kuma dawwama a kan haka. Cewa tsohon tef na leda yana ƙara tsawo, ya kamata a riƙa gwada shi da rula ta ƙarfe. Masu wannan sana'a a Amurka sun tsayar da cin ɗinkinsu a rubu'in inci, kuma tun 1979 da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai gewayawa kamar taya, da ita suke yanka a kan rula. Mu almakashi mai kaifi da ba a yanka takarda da shi ya wadatar.

Wani zai ce ai barguna mafiya suna a Amurka, na matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama, waɗanda aka baje a manyan gidajen tarihi tun 2002, a karkace suke, haka kuma tufafin haɗin ƙyalle na 'yan Baye Fall a Sanigal ba rula ce ta tsara su ba. Haka ne, kuma suna da kyau. Amma tsohuwar da ta shekara hamsin tana haɗa ƙyalle, idan ta karkata layi ta san inda za ta rama a gaba har bargon ya kwanta lafiya a kan gado. Ɗan koyo bai kai nan ba tukuna.

Saura batun mallakar ƙyallen, wanda ba na so a tsallake shi. Abin da ya saura daga yadin mutum nasa ne, komai ƙanƙantarsa, kuma ba'ar da ake yi wa teloli kan rage yadi ba ta rasa tushe ba. Mu da muka taso muna karanta Suratul Muɗaffifina a makarantar allo mun san nauyin awo. Sauƙin abin shi ne a tambaya. Mafi yawan mata da maza za su yafe guntayen da ba su kai tafin hannu biyu ba, musamman idan an gaya musu yara ne za su koyi aiki da su. Babban saura kuwa a naɗe shi a mayar tare da ɗinki.

Abin da nake kira gare shi ƙungiyoyin telolinmu na Paraku da Jugu shi ne su sanya wannan cikin sharuɗɗan yaye. Gwamnati tana da jarrabawarta ta CQM ga masu koyon sana'ar hannu, wannan daban. A tsakaninmu, kada a yaye yaro ko yarinya sai sun shimfiɗa bargon da suka auna, suka yanka, suka haɗa da hannunsu a gaban dattawan sana'a, a naɗe shi biyu a ga ko bakunansa sun haɗu. Cushe ba zai yi wuya ba a ƙasar da ke cikin na gaba-gaba wajen noman auduga a Afirka, inda motocin auduga daga Banikoara da Kandi ke ratsa Paraku kowace kaka, ga kuma rimi a dazukanmu. Kasuwa ma tana nan: duk shekara idan hunturu ya sauko a Disamba da Janairu, bargunan roba na Sin da na gwanjo muke saya wa yara da almajiran zaure. Shagon da ya fara tara ƙyalle a buhu tun daga ɗinkin ƙaramar sallah, ya ware wa yara awa ɗaya bayan la'asar, zai iya samun bargo biyu ko uku kafin sanyi ya shigo.