Ciwon sukari: daga Ali Kazaure zuwa teburin kasafi a Abuja

Wani kawuna tela ne a unguwar Ali Kazaure da ke Jos ta Arewa. Ya shekara talatin a kan keken ɗinki, daga hantsi zuwa isha'i, shayi mai kauri da burodi da safe, lemon kwalba da rana. Bai san yana da ciwon sukari ba sai da wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa, aka garzaya da shi babban asibiti. Kafin ranar ya sha zuwa ƙaramin asibiti don zazzaɓi ko ciwon baya, a ba shi magani ya koma shago. Ba a taɓa ɗora shi a sikeli ba, balle a ɗiga jininsa a na'ura.

Ban ga laifin ma'aikatan ba. Rigakafin yara, awon ciki da zazzaɓin cizon sauro ne ake neman rahotonsu kowane wata, kuma abin da ake tambaya shi ake yi. Masu tsara tambayar suna Abuja, da yawansu kuma suna karanta wannan shafi.

Ciwon sukari nau'i na biyu ba ya faɗo wa mutum dare ɗaya. Jiki yakan ɗauki shekaru yana ƙin jin sinadarin insulin, sukari yana hauhawa a jini, mutum yana harkokinsa bai ji komai ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan gwajin jini kafin karin kumallo ya nuna 126 ko fiye, ciwo ne. Tsakanin 110 da 125 kuwa mutum yana bakin rami. A wannan gaɓa ake iya riƙo hannunsa.

An gwada an gani. A 1986, a birnin Da Qing na ƙasar Sin, an bi mutum 577 da ke bakin ramin ta hannun ƙananan asibitoci 33. Bayan shekara shida, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 46 cikin ɗari a rukunin motsa jiki, da kashi 31 a rukunin gyaran abinci. A 2002 Amurka ta fitar da sakamakon nata binciken kan mutum 3,234: waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin da kashi 58, masu shan maganin metformin kuwa da kashi 31. Sai dai a lura, ba nasiha aka yi musu sau ɗaya aka sallame su ba. Akwai ma'aikacin da ke bibiyarsu, yana auna su, yana tambayar abin da suka ci.

Jos tana da kayan aikin. Acca a nan ake noma ta, gwate mai yawan ganye abincin gida ne, kasuwar Farin Gada cike take da kabeji da karas, sanyin garin kuma yana sa tafiya a ƙasa ta yi daɗi. Abin da ya rage shi ne tsinken gwaji, sikeli, da ma'aikacin da aka ba lokaci ya zauna da mutum ya yi masa bayani da harshen da yake ji.

Za a ce kuɗi ba su isa ba, kuma mata masu haihuwa da ƙananan yara ne a gaba. Gaskiya ne, amma wanda ya taɓa biyan kuɗin wankin ƙoda ya san inda tsada take. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Dokar Kuɗi ta 2021 kuma ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, ba tare da ware kuɗin ga lafiya ba.

Roƙona ga masu rubuta takardun da ministoci da 'yan majalisa ke sa wa hannu abu uku ne. A ware wani kaso na harajin lemo don sayen kayan gwaji a asibitocin mazaɓu. A nemi kowane asibiti ya riƙa faɗin manya nawa ya auna, nawa kuma ya bibiya. A horar da ma'aikatan lafiya na unguwanni kan nasihar abinci da motsa jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kawu ya tsira da ƙafarsa, ya rasa yatsa ɗaya. 'Ya'yansa biyu sun gaji keken, sun gaji shayin, kuma har yau babu wanda ya auna su. Ku ma da kuke wuni a kujera daga wannan taro zuwa wancan, yaushe rabonku da gwaji?