Motar Lantarki da Ranar Kano

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hirar mota ta sauya a majalisun unguwar Soron Ɗinki da ke Kano. Da can ƙira da launi ake yabawa, yanzu tambayar farko ita ce lita nawa take sha. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira dubu kafin ƙarshen 2024, shi ya sa matasa suka fara cewa mafita ita ce motar lantarki, wadda caji ake yi mata, babu ruwanta da gidan mai. Ni ma ina fatan ganin ta a titunanmu. Sai dai kafin wani ya sayar da filinsa ya saye ta, ya kamata mu yi maganar batirinta da irin yanayin garinmu.

Yawancin abin da ake yaɗawa a intanet kukan mutanen ƙasashen sanyi ne. A Janairun 2024 an ga motocin Tesla sun yi cirko-cirko a wuraren caji a Chicago ta Amurka, sanyi ya hana batiransu karɓar wuta. Gaskiya ne sanyi yana rage tafiyar mota, domin batir yana yin nauyin aiki, kuma daga jikinsa ake ɗebo wutar ɗumama cikin motar. Amma da zarar gari ya yi ɗumi ƙarfinsa yake dawowa. Ga Norway can da ƙanƙararta, kusan tara cikin kowace goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne. Hunturunmu kuwa, duk da ƙorafin da muke yi a Disamba da Janairu, bai kai ya dami batir ba.

Zafi ne namu, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Batirin lithium ya fi jin daɗin yanayi mai maki 20 zuwa 25, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu sama da 40 muke gani da rana tsaka. Duk wanda ya taɓa barin wayarsa a rana ya ga batirinta ya kumbura ya san abin da nake nufi. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, wadda zafinta ya yi kama da namu, sun yi ta ƙorafin cewa batiransu sun fara rasa ƙarfi tun motocin ba su tsufa ba. Dalili shi ne batirin wannan ƙirar ba shi da ruwan sanyaya shi. Yawancin motocin da aka ƙera daga baya an sa musu.

Abin da ya fi damuna ke nan. Mu 'yan Kwatano muke saye, ba sababbi ba. Tsofaffin motocin da batirinsu ya gaji su ne masu araha a kasuwar gwanjon Turai da Amurka, kuma su dillalai za su fara kawo mana. Bakaniken Ƙofar Ruwa yana jin ƙarar inji ya gaya maka lafiyarsa, amma batir ba ya ƙara, sai an sa kwamfuta a karanta sauran ƙarfinsa. Batirin ne kuma kayan da ya fi tsada a jikin motar. Mutum zai tara kuɗin shekaru ya sayi mota mai sheƙi, bazara biyu ta wuce, ya ga ba ta iya kai shi Zariya ba tare da ta tsaya ba.

Sannan a ina za a yi cajin? Wanda ke zaune a Nassarawa GRA yana da gareji da inuwa. Mu a cikin ganuwa lungu ne, mota ba ta zuwa ƙofar gida. A bakin titi ake barin ta, ko a wani fili a biya mai gadi, ta wuni rana na dukanta daga sama, kwalta na gasa ta daga ƙasa, inda batirin yake shimfiɗe. Jawo wayar wuta daga soro a ratsa lungun da yara ke wasa kuwa haɗari ne da bai kamata a fara ba. Wutar ma ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. In da janareta za a yi caji, an koma gidan man da ake gudu.

Duk da haka akwai abin da ya riga ya nuna hanya. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuma, wani mai suna Mustapha Gajibo ya cire wa ƙananan motocin haya injin fetur ya mayar da su na lantarki. Rumfar sola a wurin caji aiki biyu take yi, ta ba mota inuwa, ta kuma ba ta wuta. Irin wannan rumfa ya dace gwamnatin Kano ta kafa a wajejen Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Mata, inda mutanen birni suke ajiye ababen hawa. Kuma da 'yan Adaidaita Sahu ya kamata a fara, su da tafiyarsu gajera ce, batirinsu ƙarami, ana iya sauke wanda ya ƙare a ɗora cikakke cikin mintuna, kuma su ne tsadar mai ta fi cinye wa ribar wuni.

Sauran aiki yana wuyan hukumomi. Kada a bari tsohuwar motar lantarki ta shigo ƙasar nan ba tare da takardar shaidar lafiyar batirinta ba. A horar da kanikawa, domin wutar cikin irin wannan batir tana kai bolt 400, tana kisa nan take. Shi kuma mai saye ya tambayi ko batirin yana da ruwan sanyayawa, ko kuma irin LFP ne da kamfanoni kamar BYD ke sawa, wanda ya fi jure zafi. In dillali ya kasa amsa waɗannan, a bar masa motarsa.