Masu gina shafukan intanet, ku tuna da mutanen Kaugama

Jiya na kusa awa guda ina taya ƙanwata cike fom ɗin neman tallafin karatu a waya. Shafin ya sha ado, amma hoton samansa kaɗai ya kusa cinye mana data. Muna dab da gamawa sabis ya ɗauke, duk abin da muka rubuta ya goge. Wallahi sai da ta yi hawaye.

'Yan uwa masu HTML da JavaScript, ni ma sana'ata ce, don haka ba zagi nake ba. Yanzu kowa ya koyi React sai ya ɗora shi ko a fom mai layi biyar, ya gwada a kwamfutarsa a Kano, ya ce ya gama.

Gyaran ba wuya. A mayar da hotuna WebP. A riƙa ajiye abin da mutum ya rubuta a localStorage. A Chrome akwai inda ake rage saurin intanet zuwa na 3G, a gwada shafin a haka kafin a sake shi.

Mu nan da damina, in hanyar Haɗeja ta lalace, wayar nan ce ofishinmu. Shafin da bai buɗe mana ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Allah ya sa mu gyara.