Bidiyon buɗe kwaɗo ba darasin sata ba ne

A Dingaya da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, mai shagon cajin waya yakan rufe wayoyin jama'a da kwaɗo ɗaya tak. Shi ya sa wasu ke ɓata rai idan matashi yana kallon LockPickingLawyer a YouTube yana buɗe kwaɗo ba makulli. Suna cewa ana koyar da sata.

Ɓarawo ya daɗe da sanin raunin kwaɗo mai arha, mai shago ne bai sani ba. A cikin kwaɗo akwai ƙananan fil da makulli ke ɗagawa. Mai kyau yana da fil na tsaro, wasu masu siririn ƙugu, wasu masu tsaga-tsaga, da ke maƙalewa su ruɗa mai ƙoƙarin buɗewa.

A 1851 Alfred Hobbs ya buɗe shahararren makullin Bramah a Landan, masu ƙera makullai suka koma suka ƙara inganta aikinsu.

Matashi ya koya, amma a kan kwaɗonsa kawai. Mai shago kuma ya kalli bidiyon kafin ya sayi sabon kwaɗo, domin amanar mutane yake kullewa.