Alƙalamin Mai Zane da Wasiƙar Mai Karatu

 A wannan wata za mu taɓa wani al'amari da galibinmu muke ɗauka wasan yara ne, watau zanen barkwanci, wanda yaran yanzu suke kira katun. Duk wanda ya saba sayen jarida a Yawunde ko Duwala ya san cewa mutane da yawa zanen suke fara dubawa kafin su karanta kanun labarai, kuma wanda bai yi lakwal ba shi ma yana fahimtar hoto. To, idan aka ce yau ga Bahaushe a cikin irin wannan zane, kusan kowa ya san abin da zai gani: ko mai gadi yana gyangyaɗi a bakin ƙofa, ko mai tsire da wuƙarsa, ko mai goro yana kwaɓa Faransanci. Sana'o'in nan babu na kunya a cikinsu. Abin da ke damunmu shi ne a ce kullum su ke nan, alhali kuwa a Birkitiri da New Bell akwai malaman makaranta da likitoci da direbobi da ma'aikatan banki. Mukan yi gunaguni a majalisa, mu sha shayi, mu watse. Abin tambaya a nan shi ne, shin mai zane yana jin maganar mai karatu kuwa? Tarihin wannan sana'a ya nuna yana ji, amma ba kowace irin magana ba.

Bari mu fara da Amurka. Akwai wani mai zane ana ce da shi Charles Schulz, wanda ya fara wani jerin zane mai suna Peanuts a ranar 2 ga Oktoba, 1950, a cikin jaridu bakwai kacal. Kafin ya rasu a shekarar 2000 zanen nan yana fitowa a jaridu wajen 2,600 a ƙasashe 75. Labarin wasu yara ne da karensu, kuma har shekara goma sha bakwai da farawa babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu.

A ranar 4 ga Afrilu, 1968, aka harbe Martin Luther King. Bayan kwana goma sha ɗaya, wata malamar makaranta farar fata a birnin Los Anjalis, mai suna Harriet Glickman, ta rubuta wa Schulz wasiƙa tana roƙonsa ya sa yaro baƙi a cikin yaran nasa, domin 'ya'yan baƙaƙe su ga mai kama da su, 'ya'yan farare kuma su saba da ganin hakan tun suna ƙanana. Schulz bai yi biris da ita ba, bai kuma yarda nan take ba. Ya amsa mata cewa shi da 'yan uwansa masu zane sun daɗe suna wannan tunani, amma suna tsoron kada baƙaƙen su ga kamar ana yi musu wata alfarma ce ta raini. A nan ne matar nan ta yi dabarar da ta burge mu. Maimakon ta ci gaba da gardama da bakinta, sai ta nemi izininsa ta nuna wasiƙar ga abokanta baƙaƙe masu 'ya'ya, su ba shi amsa da kansu. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗaya daga cikinsu, wani injiniya mai suna Kenneth Kelly, ya rubuta masa cewa ba sai ya yi wani gagarumin biki ba. Ya dai sako yaron cikin sauran yara kamar kowa, ba tare da wa'azi ba.

Haka kuwa aka yi. A ranar 31 ga Yuli, 1968, wani yaro baƙi mai suna Franklin ya tsinci ƙwallon Charlie Brown a bakin teku ya mayar masa, suka zauna suna gina gidan yashi suna hira. Uban wannan wanzami ne, uban wancan soja ne yana yaƙi a Biyetnam. Babu wanda ya ambaci launin fatar wani.

Sai dai masu karatu ba baki ɗaya gare su ba. Da Schulz ya zana Franklin zaune a aji ɗaya da yara farare, sai ƙorafi ya taso daga kudancin Amurka, inda har lokacin ake ta rikici a kan haɗa yara a makaranta, ko da yake kotun ƙolin ƙasar ta haramta wariyar tun 1954. Wani edita ya rubuto yana cewa a daina nuna su tare a makaranta. Schulz ya faɗa wa shugaban kamfanin da ke rarraba zanensa cewa ko dai a buga yadda ya zana, ko kuwa ya ajiye aikin. Aka buga. Ku duba fa, mutum ɗaya ne ya karɓi shawarar wata malama da ba ta da iko a kan abincinsa, ya kuma ƙi ta editan da ke biyan kuɗi. Bambancin shi ne wasiƙun farko sun kawo masa sanin da ba shi da shi, ta baya kuwa barazana kawai ta kawo.

Shi Schulz ɗin nan dama mutum ne mai sauraro da kunne ɗaya yana dariya da ɗayan. A ƙarshen 1954 ya ƙirƙiro wata yarinya mai ƙarar murya, Charlotte Braun, wadda ba ta shiga ran mutane ba. Wata mai karatu ta rubuto a cire ta. Ya amsa mata a watan Janairun 1955 cewa zai cire, amma ta sani alhakin ran yarinyar yana wuyanta, ya kuma zana yarinyar da gatari a ka a ƙasan wasiƙar. Bayan fitowa goma ba a sake ganin Charlotte ba. Wasiƙar tana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka.

Mu dawo ga wanda muka fi sani. Duk wanda ya yi karatun Faransanci a ƙasar nan ya san Tintin, ɗan jaridan nan mai tukku da farin karensa. Wanda ya ƙirƙiro shi ɗan Beljiyam ne, Georges Remi, da aka fi sani da Hergé, kuma ya fara shi a 1929 a shafin yara na wata jaridar Katolika ta birnin Burusel. A 1930 ya kai Tintin ƙasar Kwango, wadda Beljiyam ke mulka a lokacin. Hergé bai taɓa taka Kwango ba. Abin da ya ji a bakin 'yan mulkin mallaka shi ya zana: baƙaƙe masu manyan leɓuna, malalata, masu tunanin ƙananan yara. Babu ɗan Kwangon da yake da hanyar rubuto masa a wancan zamani, saboda haka littafin ya fita yadda yake.

Bayan shekara huɗu ya sanar cewa Tintin zai tafi ƙasar Sin. Sai wani limamin coci mai suna Gosset, wanda ke kula da ɗaliban Sin a jami'ar Luben, ya rubuto masa yana gargaɗinsa cewa ɗalibansa suna karanta shafin, kuma idan ya zana su da irin tatsuniyoyin da Turawa suka saba, zai ɓata musu rai ƙwarai. Ta wannan hanya aka haɗa shi da wani ɗalibin sassaƙa, Zhang Chongren, a 1934. Zhang ya riƙa zuwa yana koya masa yadda titunan Shanghai suke, da tufafin mutane, da rubutunsu, da abin da sojojin Japan suke aikatawa a ƙasar tun 1931. Littafin da ya fito, Le Lotus bleu, masana da yawa suna ganin daga kansa ne Hergé ya zama gwani, kuma ya faɗi gaskiya a kan Japan har jami'an jakadancinta suka kai kuka. Hannu ɗaya ne ya zana Kwango ya zana Sin, tsakaninsu shekara huɗu. Su mutanen Sin sun sami wanda ya rubuta wasiƙa kafin tawada ta bushe.

Mu ma daga baya an rubuta a madadinmu, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. A 1958 Hergé ya fitar da Coke en stock, labarin wasu alhazai baƙaƙe da 'yan fataucin bayi suka yaudara a Bahar Maliya a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Wanda kakansa ya bi ta Cadi da Sudan a ƙasa zuwa aikin hajji ya san cewa wannan hanya tana da haɗurranta. Niyyar Hergé ita ce ya la'anci cinikin bayi, amma sai ya sa alhazan suna magana da wannan gurɓataccen Faransanci da Turawa suke liƙa wa baƙar fata. A 1962 mujallar Jeune Afrique ta caccake shi a kan haka, kuma a bugun 1967 ya sake rubuta maganganunsu. Shi kuwa littafin Kwango, gyaran da aka yi masa a 1946 na sama-sama ne: an cire darasin da Tintin ke koya wa yara cewa Beljiyam ce ƙasarsu, aka sa lissafi a wurinsa, fuskokin kuma suka zauna yadda suke. Wani ɗan Kwango ya kai ƙara kotu a Burusel a 2007 yana neman a hana sayar da shi, kotu ta kori ƙarar a 2012. Gyara bayan shekara saba'in da wuya yake, musamman ga shi mai zanen ya rasu tun 1983.

Akwai kuma wata hanyar sauraron masu karatu da ba mu ga alherinta ba, watau ƙidayar kawuna. A 1988 kamfanin DC Comics na Amurka ya ba masu karatu lambobin tarho biyu, ya ce su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi da rai. An riga an zana ƙarshen labarin iri biyu ana jira. Kira 5,343 suka ce a kashe, 5,271 suka ce a bari. Da ratar 72 aka kashe yaron, sa'an nan a 2005 aka dawo da shi da rai domin kasuwa ta nema. A Japan ma mujallar Shonen Jump, wadda a 1995 take buga kofe fiye da miliyan shida a mako, ta daɗe tana sa katin zaɓe a cikin kowane bugu, kuma labarin da ya yi ta zuwa ƙarshe a zaɓen sai a datse shi ko da mai shi bai gama ba. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to amma mu da muke 'yan tsiraru a inda muke zaune ya kamata mu lura: duk ranar da aka ce yawan hannu ne zai yanke yadda za a zana mu, mun faɗi tun kafin a ƙirga. Abin da ya yi wa Franklin da mutanen Sin aiki wasiƙu ne da ba su kai yatsun hannu ba, masu hujja, waɗanda suka isa ga mai zanen da sunansa.

Sai dai a nan akwai wani tarko da za mu ja kunnen kanmu a kansa. Saboda tsoron kada ya ɓata wa kowa, Schulz ya yi Franklin yaro mai hankali, mai ƙoƙari a aji, marar aibi ko ɗaya, alhali sauran yaran kowa da taurin kansa ko wautarsa, kuma wannan wautar ce ta sa ake son su. Baƙaƙen Amurka da dama sun ce yaron ya yi salam, babu gishiri. Idan muka matsa wa mai zane har ya zama ba ya iya zana Bahaushe sai waliyyi, to abin da zai yi shi ne ya daina zana mu ɗungurungum, mu ɓace daga shafin. Mu kuwa ba baƙin barkwanci ba ne. Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, an gaji tsokanar juna tun kaka da kakanni ba a taɓa zare wuƙa ba, domin kowa yana da bakin ramawa. Abin da ya bambanta jarida shi ne alƙalamin yana hannun mutum ɗaya. Saboda haka idan za mu rubuta, kada mu ce a daina yi mana dariya. Mu gaya masa inda ya yi kuskure: ba haka ake naɗa rawani ba, ba duk mai doguwar riga ne Bahaushe ba, ga yadda muke magana da gaske, ga kuma abubuwan ban dariyarmu da bai sani ba, waɗanda sun fi nasa daɗi. Mu gayyace shi unguwa ya sha fura ya ga gidajenmu, yadda Zhang ya yi wa Hergé. Yaranmu masu zane a bayan littafin lakwal kuma a daina ƙwace musu fensir.

Wani mai zane baƙar fata, Robb Armstrong, yana ɗan shekara shida lokacin da Franklin ya fito, ya kuma ce ganin yaron nan yana cikin abin da ya ƙarfafa masa gwiwa. Ya girma ya yi nasa jerin zanen mai suna JumpStart, labarin wani iyali baƙaƙe. A cikin shekarun 1990, da aka buƙaci sunan mahaifi ga Franklin domin wani shirin talabijin, Schulz ya buga masa waya ya nemi izininsa, aka sa wa yaron Franklin Armstrong.