Mai Son Falsafar Addini Kada Ya Guji Ɗakin Gwaji

Akwai wani irin ɗalibi da kusan kowane malamin kimiyya a makarantar sakandare ya sani. Ana cikin bayanin yadda ƙwayar halitta ke rabuwa gida biyu, sai ya ɗaga hannu ya ce, to me ya sa aka yi ta haka tun farko? Galibi a kan ce masa wannan ba ya cikin manhaja. Gaskiya ne, ba ya ciki. Amma akwai fannin ilmi sukutum a jami'a da aka kafa domin irin wannan tambaya, ana kiransa falsafar addini, kuma akwai mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna cin abinci da shi.

Falsafar addini ba wa'azi ba ce, ba kuma tauhidin da ake karantawa a zaure ba ne, ko da yake suna maƙwabtaka. Aikin mai wannan fanni shi ne auna hujjoji da ma'aunin hankali: hujjar samuwar Mahalicci, ma'anar mu'ujiza, dalilin wanzuwar wahala a duniya, da dangantakar wahayi da bincike. Hanyarsa doguwa ce. Sai an yi digiri na farko, a yi na biyu, a yi na dakta, a ƙware a manɗiƙi, a koyi harshen da aka rubuta manyan littattafan da shi, Larabci ko Girkanci ko Jamusanci. Guraben aiki kuwa kaɗan ne, domin sashe ɗaya na jami'a ba ya buƙatar irin waɗannan malamai da yawa. Bai kamata a ɓoye wa yaro wannan ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa wannan fanni mafaka ce ga wanda lissafi ya kora. Tarihi ya nuna akasin haka. A shekarar 1802 wani malamin coci a Ingila, William Paley, ya wallafa littafi inda ya kwatanta idon ɗan Adam da agogo: kamar yadda agogo ke nuni ga maƙerinsa, haka tsarin ido ke nuni ga wanda ya tsara shi. Charles Darwin ya karanta Paley yana ɗalibi a Cambridge, kuma ya burge shi ƙwarai. Amma a 1859 Darwin ya fito da bayanin yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali, waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su rayu su hayayyafa. Wannan bai rufe maganar Mahalicci ba, amma ya tilasta a sake gina hujjar daga tushe. Tun daga nan, duk wanda zai yi magana kan tsarin halitta bai san ilmin halittu ba, da tsohon makami yake yaƙi.

Richard Swinburne ya fahimci haka. Kafin ya yi suna a falsafar addini, ya ɓata shekaru yana nazarin tarihin kimiyya da falsafarta. Littafinsa na 1979 kan samuwar Ubangiji ya ginu ne bisa lissafin yiwuwa, wato irin lissafin da masu bincike ke auna ƙarfin shaida da shi. Ya riƙe kujerar farfesa a Oxford daga 1985 zuwa 2002. Masu adawa da shi suna da yawa, amma dole su ma su iya lissafin kafin su yi masa gardama.

Misalin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Sayyid Husaini Nasr, wanda aka haifa a Tehran ta ƙasar Iran a 1933. Ya gama digirin fiziks a MIT ta Amurka a 1954, ya karanta ilmin duwatsu da ƙasa a Harvard, sannan ya sami digirin dakta a tarihin kimiyya a 1958, yana ɗan shekara 25. Da ya koma gida ya kama koyarwa a Jami'ar Tehran, bai ɗauki kansa wanda ya gama karatu ba. Ya riƙa zama gaban malaman gargajiya irin su Allama Tabataba'i yana ɗaukar karatun falsafar Musulunci daga bakinsu. Dakta daga Harvard, ga shi zaune da littafi a hannu kamar kowane almajiri! A 1968 ya fitar da littafi kan mutum da muhallinsa, yana cewa ɓarnar da ake yi wa ƙasa da ruwa da iska tana da tushe a yadda mutumin zamani ya daina ganin alfarmar halitta, a lokacin da maganar muhalli ba ta zama ruwan dare ba. Juyin juya halin 1979 ya raba shi da ƙasarsa. A 1981 ya zama Musulmi na farko da ya gabatar da laccocin Gifford a Edinbara, kuma a 1984 ya koma Jami'ar George Washington.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Nasr ya yi watsi da bayanin Darwin, kuma a nan hujjarsa ta yi rauni. Shaidar ƙasusuwan da suka daskare cikin duwatsu, da kwatanta ƙwayoyin gado na halittu daban-daban, da yadda ƙwayoyin cuta ke gagarar magani a gaban idon likitoci, ba abubuwa ba ne da za a kawar da su da hujjar falsafa kaɗai. Fiziks ya karanta, ba ilmin halittu ba, kuma bambancin ya fito. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi irin wannan gargaɗi a gabatarwar Tahafutul Falasifa: wanda ya ƙaryata bayanin masana taurari game da husufin rana da wata da nufin kare addini, cutar da addinin yake yi, domin mai iya lissafin ba zai bar lissafinsa ba, sai dai ya fara shakkar mai musun.

Saboda haka, idan wancan ɗalibi ya sake ɗaga hannu, abin da ya dace malami ya gaya masa shi ne tambayarsa tana da gida a jami'a, kuma akwai aikin yi a cikinta, ko da kaɗan ne. Sannan ya hana shi ajiye lissafi da ilmin halittu a aji huɗu, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa ya riƙe Larabcinsa, domin Gazali da Ibn Rushd, wanda ya rubuta masa raddi, da shi suka yi muhawararsu.