Systemd ba shell ba ne, kuma gara da haka

Duk wanda ya taɓa kula da sabar Linux ya san wannan takaici. Ka rubuta Environment="IP=$(hostname -I)" a fayil ɗin hidima, ka tayar da ita, sai manhajar ta karɓi rubutun yadda ka rubuta shi, har da alamar dala, babu adireshi ko ɗaya.

Da yawa kan ɗauki wannan a matsayin gazawa. A ganina, da gangan aka yi, kuma an yi daidai. Lokacin da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd a 2010, suna gudun tsohon tsarin SysV ne, inda kowace hidima ke tashi ta doguwar rubutacciyar shell da sai mai ita ya san sirrinta. Fayil ɗin hidima bayani ne na abin da ake so, wanda kowa zai karanta ya gane.

Mai gaggawa kan naɗe komai cikin /bin/sh -c a layin ExecStart=. Yana aiki, amma sauri kan haifi nawa. Idan ka manta da exec, shell ɗin na iya zama babban aikin da systemd ke sa wa ido, ƙimar da aka lissafa kuwa ba ta bar sawu ko'ina ba.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a raba aikin biyu. ExecStartPre= ya lissafa ƙimar ya rubuta ta a fayil ƙarƙashin /run, sannan EnvironmentFile= ya karanta ta. Systemd yana karanta fayil ɗin dab da tayar da kowane mataki, kuma ɗan layin da ake sa wa gaban sunansa yana hana hidimar faɗuwa idan bai samu ba tukuna. Ranar da abu ya lalace da tsakar dare, abokin aikinka zai buɗe fayil ya ga ainihin abin da manhajar ta karɓa.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Ƙimar ba ta sauyawa bayan manhaja ta tashi, sai an sake tayar da ita. Kalmar sirri kuma ba wurinta ba ne nan: abin da aka sa a Environment= kowane mai amfani da na'urar na iya ganinsa da systemctl show. Tun siga ta 247, a 2020, akwai LoadCredential= domin wannan. Idan har yanzu akwai kalmar sirri a fayil ɗin hidimarka, da ita za ka fara gyara.